Ɗayar da Masaƙi Ya Manta

Wani tsohon marini ne ya ba ni wannan labari, muna zaune bakin karofi yana jiran baban rini ya nuna. Yadda na ji shi haka zan faɗa.

A zamanin da ba a san yadin kanti ba, lokacin da duk rigar da mutum zai sa sai ta bi ta hannun mace mai kaɗi da namiji mai saƙa, an yi wani masaƙi a garin Gurzau, sunansa Shekarau. Matarsa Tasalla ita ke yi masa kaɗi. Shekara talatin da ɗaya suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma bai taɓa ɗaura zaren wata mace a masaƙarsa ba sai nata. Shi yana ce mata Mai Mazari, ita tana ce masa Mai Ƙoshiya, don ƙoshiyar da yake jefa zare da ita in yana saƙa.

Shekarau na da kai a lissafi. In aka ce ana son zane mai faɗi kaza, kafin mai magana ya rufe baki ya faɗi yawan zaren da za a ja. Wannan baiwa ta ɗan sa masa ji da kai.

Wata safiya zai fita, Tasalla ta ɗaga zaren da take kaɗawa a hasken ƙofa ta ce, "Mai Ƙoshiya, dubi wannan. Ko gizo-gizo ya isa ya ja irinsa?"

Ya ce, "Ya yi kyau. Amma me mutum zai yi da zare ɗaya? Sai na jera ɗari tukuna ya zama abin kirki."

Ta ce, "To, ka jera ɗarin babu shi mu gani."

Ya yi dariya, ya ɗauki ƙwaryar furarsa ya tafi masaƙa.

Da azahar ya dawo, bai ga hayaƙi a madafa ba. Tabarmarta na shimfiɗe, allin da take shafa wa yatsu ya zube, babu mazari, babu Tasalla. Maƙwabcinsa Barau, shi ma masaƙi, ya ce matarsa ta ga wata doguwar baƙuwa ta shiga gidan neman alli, kuma da ta wuce ba ta bar sawu a rairayi ba. Shekarau ya duba ko'ina, sai ya ga zare guda, siriri, ɗaure a ƙyauren ɗaki, ya fita zaure, ya miƙe gabas. Ya taɓa shi da yatsa biyu ya san hannun da ya kaɗa shi. Bai ko rufe gida ba, ya bi.

Kwana arba'in yana bin zaren. Ya wuce gonaki, ya wuce dajin da mafarauta ke juyawa, ya ratsa wani kwari inda itatuwa ke tsaye sahu-sahu kamar masu salla, tsuntsaye kuma ba sa tashi sai bakwai-bakwai. Takalmansa suka ƙare, ya ci gaba da ƙafa. A rana ta arba'in zaren ya shige ƙarƙashin wata ganuwa fara, wadda aka gina da curin auduga, tsawonta ya taɓo gajimare.

A ƙofar ganuwar wani aljani na zaune, kowane hannunsa da yatsu ɗari, kuma duk suna motsi suna ƙirga abin da ba a gani.

Aljanin ya ce, "Ya kai bil'adama, tsaya inda kake. Wannan ƙasar Birnin Adadi ce, ba a shigarta da suna."

Shekarau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, matata nake nema, Tasalla."

"Babu Tasalla a nan. Akwai mata dubbai da ke yi wa Magajiyar Adadi kaɗi, kowacce lamba ce, lambarta kuwa yawan mazarin da ta cika a duniyarku. Kai ma kana da taka, yawan kamun da ka saƙa tun da ka hau masaƙa." Yatsun suka yi rawa suka tsaya. "Dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da goma sha shida. Daga yau shi ne sunanka."

Ya miƙa masa jakar fata cike da angurya, ƙwaya ɗaya a madadin kowane kamu.

"Magajiya ba ta sakin mace sai ga wanda lambarsa ke aminiyar tata. Ma'anar wannan za ka ji ta a ƙofofi uku, in ka kai da ranka. Kwana bakwai gare ka. Rana ta bakwai da rana ta take tsaka ake buɗe zauren kaɗi, in ka makara shi ke nan."

Ganuwa ta tsage, Shekarau ya shige.

Bai yi tafiyar wuni ba ya iso wani kogi fari fat kamar an dama alli. Ruwan ba ya gudu, amma a ƙarƙashinsa ana jin gurnani. Kwale-kwale biyu ne a gaɓa. A na dama aljanu biyu ne manne da juna ta baya, suna magana da baki ɗaya. A na hagu aljani guda ne mai hannu uku.

Na dama suka ce, "Mu ne Cika. Muna ɗaukar lambar da ke tafiya bibbiyu ba ragowa."

Na hagu ya ce, "Ni ne Mara. Ina ɗaukar wadda in an jera ta bibbiyu, ɗaya ke ragewa tana dube-dube. Wanda ya shiga jirgin da ba nasa ba, kogi ya yi kalaci da shi." Ya kalli Shekarau sama da ƙasa, ya sassauta murya. "Shigo nawa, ɗan'uwa. Ai na gan ka tun daga nesa, kai kaɗai kake tafe. Duk wanda aka ɗauke wa abokin zama namu ne."

Maganar ta soki Shekarau har ya ɗaga ƙafa zai shiga. Sai ya tuna ba shi aka tambaya ba, lambarsa aka tambaya. Ya ce a ransa, dubbai suna rabuwa biyu, ɗaruruwa suna rabuwa biyu, goma sha shida kuwa takwas ne da takwas. Ya janye ƙafarsa ya ce, "A gafarce ni, ni ɗan Cika ne."

Mara ya yi tsaki ya ce, "Za ka neme ni." Cika suka haye da shi. A tsakiyar kogi fararen hannaye suka riƙa fitowa suna shafa gefen jirgi, suna komawa.

A ƙetare hanya ta hau wani tsauni baƙi. Nan ne mazaunin 'Yan Tilo. Kowane aljani yana kan dutsensa, ya juya wa sauran baya, babu mai yi wa wani magana. Tsakanin manyan duwatsun akwai ƙanana masu siffar mutane a tsugune. Can sama wani tsohon aljani ya tare hanya da gemunsa, wanda ya nannaɗe dutsen da yake kai sau uku.

Tsohon ya ce, "Ya kai ɗan Cika, zube jakarka ka raba ta biyu."

Shekarau ya raba, kowane tsibi ya tashi dubu tara da ɗari biyu da takwas.

"Sake rabawa."

Ya sake, ya sake, ya kuma sakewa. A karo na huɗu ya ga tsibi goma sha shida a gabansa, kowanne ƙwaya dubu da ɗari da hamsin da ɗaya.

Tsohon ya ɗora yatsa kan tsibi guda ya ce, "Wannan ni ne. Sau goma sha shida nake zaune a cikinka ba ka sani ba. Yanzu faɗa mini, ina rabuwa kashi-kashi daidai, ko ba na rabuwa? Waɗannan ƙananan duwatsu da ka wuce, mutane ne da suka amsa da ka."

Shekarau ya share ƙasa ya fara jera ƙwayoyin kamar yana jera zare. Bai ɓata lokaci da jerin cika ba, don tsibin mara ne. Ya jera uku-uku, biyu suka rage. Ya jera biyar-biyar, ɗaya ta rage. Bakwai-bakwai, uku suka rage. Goma sha ɗaya da goma sha uku, kowanne ya bar bakwai. Iska ta riƙa tasowa tana watsa masa jeri, yana sake tattarawa. Yatsunsa suka tsattsage. Rana ta faɗi ta fito, ta faɗi ta fito. Da ya kai ashirin da uku, sai ga sahu hamsin cif sun tsaya, ya zaci ya samu. Ya duba tafin hannunsa, ƙwaya ɗaya ta rage.

Ya yi jifa da ita ya ce, "Ke dai kullum sai kin ɓata wa mutum aiki."

Tsohon ya miƙa hannu ya tsince ta, ya hure mata ƙasa, ya mayar da ita cikin tsibin.

Shekarau ya gwada ashirin da tara, ya gwada talatin da ɗaya, duk da ragowa. Nan ya tsaya, don ya ga sahu talatin da huɗu na ƙwaya talatin da huɗu sun fi tsibin yawa. Masaƙi ya san in tsawo ya kamo faɗi, abin da ke gaba ƙyallen da aka riga aka gani ne aka juya shi a gicciye. Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ka rabuwa. Kai tilo ne."

Tsohon ya kwance gemunsa daga hanya ya ce, "Ka faɗi rabin gaskiya, kuma ta isa ka wuce. Zauna ka ji sauran rabin."

Shekarau ya dubi rana. Kwana biyar sun tafi. Ya ce, "Ka yi haƙuri, kaka, ana jirana." Ya kwashe anguryarsa ya gangara da gudu. Ya ji tsohon yana ƙwala masa wata magana a bayansa, iska ta tafi da ita.

Ran kwana na shida ya iso ƙofofi uku a jere. Ta dama faffaɗa ce, an yi mata ado da zinariya. Ta hagu ƙasa-ƙasa ce, sai mutum ya sunkuya. Ta tsakiya 'yar ƙarama ce, yanar gizo ta rufe ta. Wata aljana mai dogon wuya na tsaye gabansu da ma'auni a hannu.

Ta ce, "Ya kai baƙo, a nan ake duba cikin lamba. Ka nemo duk hanyar da lambarka ke rabuwa kashi-kashi daidai. A kowace hanya ka ɗebi kashi guda ka ajiye lissafinsa, sa'an nan ka tara su duka. Jimlar ita ce cikinka. In cikinka ya fi ka yawa, kai mawadaci ne, ƙofar dama taka ce. In ya yi daidai da kai, kai kamili ne, irin su Shida da Ashirin da Takwas, amma ka ga yanar da ke ƙofarsu, ba a cika samunsu ba. In bai kai ka ba, kai gajiyayye ne, ka sunkuya ka bi ta hagu. Bayan ƙofar da ba taka ba rami ne mara gindi."

Shekarau ya ce, "Uwar ɗakina, an ce a nan zan ji mene ne amincin lamba."

Ta ce, "Lambobi biyu aminai ne in cikin wannan ya zama waccan, cikin waccan kuma ya zama wannan. A cikin dubban lambobi da wuya ka sami biyu haka. In da gaske matarka taka ce, cikinka shi ne lambarta."

Shekarau ya zauna, ya ɗauki kowace ƙwaya a matsayin zare, kowane kashi a matsayin ƙyalle. Ƙyalle biyu, kowanne zare dubu tara da ɗari biyu da takwas. Ƙyalle huɗu, kowanne dubu huɗu da ɗari shida da huɗu. Ƙyalle takwas, kowanne dubu biyu da ɗari uku da biyu. Ƙyalle goma sha shida, kowanne dubu da ɗari da hamsin da ɗaya. Sai ya juya abin a gicciye, ya sami ƙananan ƙyallaye masu zare goma sha shida, da masu takwas, da masu huɗu, da masu biyu. Zare biyu kuwa shi ne mafi ƙanƙantar abin da ƙoshiya ke ratsawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Nan ya tsaya. Ya tara kashi takwas ɗin, ya sake tarawa har sau uku, kullum jimla ɗaya: dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da biyar.

Aljanar ta ce, "Ba na tambayarka jimla, wannan ta Magajiya ce. Wace ƙofa?"

Ya ce, "Cikina bai kai ni ba. Ni gajiyayye ne."

Ta ce, "Haka ne. Sunkuya."

Ya sunkuya ya shige, bai faɗa rami ba, sai ya tabbata lissafinsa ya yi.

Rana ta bakwai da rana ta take tsaka aka buɗe zauren kaɗi. Girmansa ido ba ya kai ƙarshe. Mata ne sahu bayan sahu, an zaunar da su bisa jerin lambobinsu, kowacce an lulluɓe ta da farin mayafi, ba ka ganin komai sai yatsu da mazari. Ƙarar mazarai ta cika wurin kamar ruwan sama kan ganye. A tsakiya Magajiyar Adadi na zaune kan karagar da aka saƙa da zare, gashin kanta ya zubo har ƙasa, kowane sili da ƙulli-ƙulli na ƙirga.

Ta ce, "Ya kai dubu goma sha takwas da ɗari huɗu da goma sha shida, ɗan Cika, gajiyayye, mai ɗauke da tilo sau goma sha shida, ka zo da ƙafarka inda ba a zuwa. Ka ji sharaɗi. Mutum sau ɗaya yake kira a zauren nan. Wadda ka kira lambarta za ta tashi ta bi ka, ba mai hana ta. Ka shirya?"

Shekarau ya ce, "Allah ya ja zamanin Magajiya, na shirya."

Ya cika ƙirji ya kira, "Dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da biyar!"

Mazarai suka tsaya cak. Can cikin wani sahu wata mace ta miƙe da ƙyar, ta yaye mayafi. Tsohuwa ce tukuf, ba haƙori a bakinta, bai taɓa ganinta ba. Tana waige-waige tana cewa, "Ni? Wa ya san ni?"

Sai wadda ke zaune dab da ita, kafaɗa da kafaɗa, ta ɗaga hannu ta janye nata mayafin. Tasalla ce. Zaren da ya biyo kwana arba'in da bakwai a mazarinta ya ƙare.

Ta dube shi ta ce, "Mai Ƙoshiya, ka rame."



Magajiya ta ce, "Hanyoyin rabuwarka tara ne, takwas ka kawo. Kowace lamba tana rabuwa ɗaya-ɗaya, har tilon da ke kan tsauni, wanda ya so ya gaya maka ka ƙi zama. Da ka ƙara ɗaya, da ka kira dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da casa'in da shida, lambar matarka. Ita kuwa mawadaciya ce. Goma sha shida ce sau ashirin da uku sau arba'in da bakwai, tana rabuwa ta hanya goma sha tara, kuma in aka tara cikinta kai ne cif, ba ragi ba ƙari. Abin da cikinta ya fi ta da shi, dubu da ɗari da ashirin, shi ne daidai abin da cikinka ya gaza ka da shi. Na daɗe a kan karagar nan ban ga aminai irinku ba."

Shekarau ya zube ƙasa ya ce, "Magajiya, kuskure ne. A bar ni in sake."

"An kira, an amsa."

"To a riƙe ni a nan. Zan yi shara, zan gurza auduga, zan yi duk abin da aka sa ni."

"Ba a ajiye namiji a zauren kaɗi."

Tsohuwar ta durƙusa ita ma ta ce, "Ranki ya daɗe, ni a mayar da ni. Lambata ba ta da amini, tun ranar da aka kawo ni na san ba mai zuwa domina. A ba bawan Allah nan matarsa."

Magajiya ta ce, "Ba ni na tsara lambobi ba, ba kuma ni zan sauya su ba."

Tasalla ta ce, "Mai Ƙoshiya, tashi, kar ka ba mu kunya gaban mutane." Ta yi ƙoƙarin murmushi. "Tun da na ji ana raɗa cewa ka haye kogi, ka wuce tsauni, nake cewa Allah sa ya tuna. Shekara talatin da ɗaya ina nuna maka zare ɗayan nan kowace safiya."

Ya ce, "Na gani, Mai Mazari. Ban ƙirga ba ne."

Ta juya ga Magajiya ta ce, "Ina roƙon abu guda. Zaren nan da na ɗaura a ƙyauren ɗakina, kar a tsinke shi."

Magajiya ta shafa wani ƙulli a gashinta, ta ce, "Zare tsakanin aminai ba ya tsinkewa muddin amincin na nan. Lambarki ta tsaya, don kaɗin da ake yi a nan ba ya shiga ƙirga. Tasa ce ke iya motsi. Ranar da ya ƙara kamu ɗaya a masaƙa, ya zama wata lamba, zaren ya yanke."

Tasalla ta ce, "Ka ji. Ka riƙe Iya da kyau, ƙafarta ta hagu na ciwo, kar ka yi mata irin saurin nan naka. Kuma akwai daddawa a tulun da ke bayan ƙofa, kar ka bari ta lalace."

Aka sauke mata mayafi. Mazarai suka ci gaba da ƙara.

Shekarau ya goya tsohuwar, sunanta Yalwa, suka bi zaren suka dawo. A bakin farin kogi Mara ne ya matso da jirginsa ya ce, "Ban ce za ka neme ni ba?" Bai tambayi lamba ba, ya haye da su.

Garin su Yalwa ya daɗe da zama kufai, don haka ta zauna gidan Shekarau, yana ce mata Inna. Ita ta gaya masa yadda Tasalla ke ƙin barin mazarinta ya huta, don kada zaren ya saki ya ɓace masa a hanya. Wata rana ta tarar da shi a tsakar gida da ƙwayar angurya shida a gabansa. Ya ware uku, ya ware biyu, ya ce, "Inna, duba. An ce mini Shida kamili ne. Uku da biyu biyar ne. Da na tsaya na gwada da shida kawai, da na ga akwai abin da na bari." Ta tattara ƙwayoyin ta zuba a ƙwarya, ta kawo masa tuwo.

Bai sake hawa masaƙa ba. Mutane suka yi ta zuwa da roƙo, har daga garuruwa masu nisa, yana ba su haƙuri. Ya koma noman auduga. Barau ya ce masa, "Haba Shekarau, hannu irin naka a ce yana riƙon fartanya? Kamu ɗaya fa, ko na hular jariri." Ya ce, "Kamu ɗayan ne ba ni da shi."

Kowace safiya zaren da ke ƙyaure yakan ƙaru da kamar tsawon gaba guda. Sai ya zauna ya naɗe shi a kara, a hankali, yana shafawa. Wata rana zaren ya zo sumul, ya ce tana lafiya. Wata rana ya zo da ɗan kauri a wuri guda, ya ce jiya ta yi gyangyaɗi. Yalwa ta shekara uku ta rasu, ya yi mata sutura kamar uwar da ta haife shi. Ya ci gaba da naɗi. Kara ya zama curi, curi ya kai girman tulu.

A shekara ta goma sha ɗaya zaren ya fara zuwa da rauni, siriri a nan, kauri a can, irin kaɗin hannun da ke rawa. Wata safiya da hantsi ya taɓa shi ya ji ya saki. Ya ja, ya biyo ba nauyi. Ya wuni yana ja, ya kwana uku yana ja, har bakin zaren ya iso hannunsa. Ba tsinkewa ya yi ba. An ƙulle ƙarshensa da kyau, irin ƙullin da mai kaɗi ke yi in ta gama aiki, kuma da ɗan farin alli a jikin ƙullin.

Ya daɗe zaune da shi a tafin hannu. Sa'an nan ya yi alwala, ya yi mata addu'a, ya ɗauki curin a ka ya nufi filin masaƙa.

Ya kafa turaku biyu, ya ɗaura bakin zaren a na farko, ya fara wadari. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, tsoho mai jan ƙafa, zaren na bin sa yana zagaya turaku bai yanke ko sau ɗaya ba. Masaƙa suka ajiye ƙoshiyoyinsu suna kallo. Da la'asar farin jeri ya shimfiɗu tsakanin turakun, mai faɗi, mai kyau, irin wanda ba a ga kamarsa a Gurzau ba tun da ya bar sana'a.

Barau ya matso, ya sunkuya yana ƙirga sili da yatsa, ya rikice, ya ɗago ya ce, "Idona ya mutu, Shekarau. Zare nawa ka ja?"

Shekarau ya ce, "Ɗaya."

Da farin da ya saƙa daga wannan wadari aka yi masa likkafani kafin damina ta zagayo. Nan marinin ya tashi ya duba baban rininsa, ni ma ban tambaye shi ƙari ba.